Daren Da Na Cika Fom Daga Kusada Da Sabis Ɗin "E"

Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, saboda ƴan'uwa da datarsu ba ta kai su sauke sautin ba. Yau kuma abin ya zo daidai, don maganar rashin sabis ɗin ce ma za mu yi.

Bari in fara da tambaya. Ka taɓa duba saman wayarka ka ga harafin E ya zauna daram, kamar baƙon da ya zo da tabarmarsa? Ka kashe data ka kunna, yana nan. Ka cire layi ka hura ka mayar, yana nan. Ka hau katanga ka ɗaga hannu sama, maƙwabta na kallonka, har yanzu E. Wanda ke cikin birnin Kano ko Katsina zai ce ai wannan tsohon labari ne. To mu na wajen Kankia da Kusada, musamman idan ka ɗan ratse daga bakin titi ka shiga ƙauyuka, mun san ba tsohon labari ba ne.

Ni aikina kula da shafukan intanet na wasu ƴan kasuwa ne a Kano. Daminar bara na je gida Kusada, na tarar autarmu tana neman gurbi a wata makarantar koyon aikin lafiya. Ba zan kama sunan makarantar ba, ba ita ce zancen ba. Za a rufe fom ƙarfe 12 na daren ranar. Kuɗin fom bai samu ba sai da la'asar, bayan Baba ya sayar da akuya. Aka biya wajen mai POS, aka karɓo lambar shaida. Saura a cika fom, a ɗora hoto, a ɗora takardar sakamako, a fitar da takardar shaidar an cika.

Niyyata in hau babur in tafi Kankia, akwai abokina mai shagon kafe, cikin rabin awa an gama. Sai hadari ya haɗo ta gabas. Ruwa kamar da bakin ƙwarya, bai tsagaita ba sai bayan isha'i. Ina ɗaukar makulli Inna ta ce, "Babu inda za ka cikin daren nan. Fom bai fi ranka ba." Kuma gaskiyarta, duk wanda ya san jihar nan a ƴan shekarun nan ya san tafiyar dare ba abin wasa ba ce.

Na jona laftof da wayata, na buɗe shafin makarantar. Abin nan mai juyawa ya yi ta juyawa. Rabin hoton ƙofar makaranta ya fito, ya tsaya. Na sake, ya sake tsayawa. Ƙarfe tara da rabi ta wuce. Yarinyar nan tana tsugune gefena da fitila, ta ce, "Yaya, ko dai shi ke nan sai baɗi?"

To a nan zan ɗan dakata da labarin, don in ba ku gane abin da ke faruwa ba, dabarar da na yi za ta zame muku kamar siddabaru.

E ɗin nan EDGE ne, ɗan gidan 2G. Idan ya yi kyau ƙwarai zai ba ka kamar kilobit 200 a daƙiƙa, wato kilobayit 25. A daren nan abin da nake gani bai kai kilobayit 10 ba. Shi kuwa matsakaicin shafin intanet na yanzu nauyinsa ya haura megabayit 2. Yi lissafi da kanka: kilobayit 2,000 a raba da 10, daƙiƙa 200, fiye da minti uku ke nan a shafi ɗaya. Fom ɗin shafi shida ne. Kuma wannan lissafin na wanda komai ya tafi masa daidai ne. Shafi ba abu ɗaya ba ne, tarkace ne guda-guda masu yawa, hotuna, salon rubutu, da ƙananan manhajojin JavaScript waɗanda in babu su maɓallin turawa ma ba zai motsa ba. Guda ɗaya ya maƙale a hanya, sauran duk su tsaya jiransa.

Bari in ɗan yi ƙorafi, kuma har da kaina a ciki. Mu masu haɗa shafukan nan a ofis muke zama, da intanet mai gudu, mu loda hoton gini, hoton shugaba, hoton ɗalibai suna murmushi, mu gwada mu ga ya buɗe nan take, mu ce aiki ya yi. Ba wanda ke tunanin yarinyar da za ta buɗe shi daga Kusada cikin ruwa. Ni ma na yi irin wannan aikin, na karɓi kuɗina. Daren nan na ɗanɗani miyar da nake dafa wa mutane.

Yauwa. Abin da ya cece mu shi ne ina da wata kwamfuta ta haya a birnin Frankfurt na Jamus, wadda shafukan kwastomomina ke zaune a kai. Irin ta ake ce wa uwar garke, ko saba. Ba ta da fuska, ba ta da kibod, ban taɓa ganinta da idona ba. Amma intanet ɗinta gudu yake kamar ruwan kwazazzabo. Sai tunanin ya zama: me zai sa in jawo megabayit 2 ta wannan siririyar hanyar tawa? Bari ita ta buɗe shafin a can, ta aiko mini da abin da ta gani kawai.

Kamar dai ka aiki yaro kasuwar Kwari ne. Ba ce masa za ka yi ya ɗauko maka shagon gaba ɗaya ba. Ce masa za ka yi ya duba ya faɗa maka kala da farashi.

Hanyar da akasarin mutane suka sani ta tuƙa kwamfuta daga nesa ita ce a riƙa turo maka hoton fuskarta, irin su AnyDesk da TeamViewer, ko kakarsu VNC wadda aka ƙirƙiro a wani ɗakin bincike a Cambridge ta Ingila a ƙarshen shekarun 1990. Matsalar ita ce hoto nauyi gare shi. Fuskar laftof irin tawa ɗigo 1,366 ce a kwance, 768 a tsaye. Ka ninka, ɗigo miliyan ɗaya da ƴan kai. Kowane ɗigo bayit 3 yake ci don kalarsa. Hoto ɗaya tak, in ba a matse shi ba, megabayit 3 ke nan. Ana matsewa sosai, ba a turo shi ɗanye, amma ko an matse, duk sanda ka ja shafi ƙasa kusan duk fuskar ta canza, sai an sake turowa. A kan E wannan azaba ce.

To akwai wata hanyar, wadda ta girmi duk waɗannan, ita ce tagar umarni. Baƙin allon nan da kuke gani a fim, ɗan kutse yana ta buga rubutu. Mu a wajen aiki baƙin allo kawai muke ce masa. Asalin girmansa haruffa 80 a kwance, layi 24. Haruffa 1,920 ke nan idan ya cika maƙil. Kwatanta da ɗigo miliyan ɗaya.

Kada sunan ya tsorata ka, wallahi ka daɗe kana amfani da irinsa. Duk sanda ka danna tauraro da lambobi da alamar tsani don tura kuɗi ko duba ragowar kati, me ke faruwa? Wata babbar kwamfuta ce a can nesa take aikin, ta turo maka rubutu zalla: danna 1 don kaza, danna 2 don kaza. USSD ke nan, saƙonsa ba ya wuce haruffa 182, shi ya sa yake tafiya ko a kan rakani-kashi, ko inda WhatsApp ya suma. Tsohuwar da ke sayar da ƙuli-ƙuli ma ta iya shi. Baƙin allo babban yayan USSD ne, ba wani abu ba.

Ƙofar shiga ita ce SSH. Wani ɗan ƙasar Finland, Tatu Ylönen, ya rubuta shi a 1995, kuma har gobe da shi ake shiga uwar garke a ko'ina a duniya, duk abin da ya bi ta cikinsa a kulle yake. Amma SSH yana da hali guda da bai dace da sabis ɗinmu ba. Duk harafin da ka danna sai ya je can ya dawo kafin ka gan shi a allonka. Ka tuna kuma ina ne can. Daga Kusada saƙon zai hau ƙarfen sabis, ya gangara kudu har Legas inda wayoyin ƙarƙashin teku suke fitowa, sannan ya juya ya nufi arewa ta cikin ruwa. Wayar MainOne kaɗai, da aka fara aiki da ita a 2010, kilomita 7,000 ce tsakanin Legas da Portugal. Ka haɗa da na tudu, zuwa da dawowa ya tasam ma kilomita 20,000. Haske a cikin irin wannan wayar kilomita 200,000 yake yi a daƙiƙa, don haka ko komai lafiya lau ne, kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa ya tafi. Sai 2G ya ɗora nasa jinkirin a kai, wanda ya ninka wancan. Ka buga kalma, ka zauna kana kallon allo, sai can ta fito.

Wannan ma da sauƙi. Babbar matsalar ita ce SSH ba ya tsallake komai. In ƙunshi ɗaya ya ɓace a hanya, duk na bayansa sai su yi layi, kamar layin mai a ce motar gaba ta mutu kuma ba a yarda a kewaye ta ba. Sabis ya ɗauke na minti biyu, ko wayarka ta sauya lambar adireshinta, sai ya daskare, sai ka sake shiga daga farko.

Maganin wannan sunansa Mosh. Keith Winstein ne ya fitar da shi daga jami'ar MIT ta Amurka a 2012, kuma ni a wajena duk cikin kayan nan da zan lissafa babu wanda ya kai shi amfani ga ɗan karkara. Abu uku yake yi. Na ɗaya, ba ya damuwa da abin da ya wuce. Shi dai burinsa allonka ya yi daidai da yadda allon can yake a yanzu, in an rasa wani abu a tsakani, ya wuce ke nan, sai ya turo na ƙarshe. Na biyu, harafin da ka danna yana nuna maka shi nan take, ya ja masa layi a ƙasa alamar bai tabbata ba tukuna, in amsa ta dawo ya goge layin. Na uku, kuma shi ne ya fi burge ni, ba ya mutuwa. Sabis ya ɗauke, zai rubuta maka a sama cewa rabonsa da jin ɗuriyar can daƙiƙa kaza, ya yi ta ƙirgawa. Sabis na dawowa ya ci gaba daga inda aka tsaya. Ka sauya daga wannan layin zuwa wancan, bai dame shi ba. Na taɓa rufe laftof a Kano, na buɗe a Gidan Mutum Ɗaya muna shan shayi, na tarar da aikina yadda na bar shi.

To amma baƙin allo rubutu ne, shafin makaranta kuma yana da maɓallai da hotuna. Yaya za a yi?

Akwai tsofaffin burauza na rubutu zalla, irin Lynx da aka fara a jami'ar Kansas tun 1992. Suna da sauƙi ƙwarai, sai dai Lynx bai san JavaScript ba, fom ɗin zamani ko buɗewa ba zai yi a ciki ba. Na gwada a daren, fari fat.

Sai wani Bature mai suna Thomas Buckley-Houston, wanda yawon duniya ya kai shi wuraren da intanet ɗinsu irin namu ne, ya yi wata dabara a 2016 ya sa mata suna Texttop. Ya kunna cikakkiyar fuskar kwamfuta ta Linux a kan uwar garkensa, da tagogi da maus da komai, fuskar da ba ta jone da kowane gilashi, a cikin ƙwaƙwalwar na'urar kawai take. Sai wata manhaja ta riƙa ɗaukar hoton fuskar tana mayar da shi haruffa masu kala, a turo ta baƙin allo. In ka danna maus a wajenka, a kai dannawar can. Daga baya, a 2018, ya sake gina abin ya koma Browsh, wanda ya tsaya kan burauza kaɗai: Firefox na gaske ne ke gudu a can, shi ke sauke komai, shi ke tafiyar da JavaScript, kai kuma rubutun shafin ya zo maka a matsayin rubutu na gaske, tar da shi, hotuna kuma su zo a matsayin ƴan dabbare-dabbaren kala.

Yadda ake zana hoto da harafi abin dariya ne don sauƙi. Akwai wani harafi, ga shi: ▀. Rabin akwati ne, sama a cike, ƙasa a buɗe. Baƙin allo yana ba kowane harafi kala biyu, ta jikinsa da ta bayansa. Ka ba saman kala ɗaya, ƙasan wata kalar, harafi ɗaya ya zama ɗigo biyu. Allo mai haruffa 100 a kwance da layi 30 ya zama hoto mai ɗigo 100 da 60. Ba kyau, kam. Fuskar mutum sai ta koma kamar zanen hular da aka kalla ta kusa-kusa. Amma za ka gane nan maɓalli ne kore, nan akwatin rubutu ne, kuma iyakar abin da nake buƙata ke nan.

Mu koma ɗakin Inna. Goma saura kwata na shiga da Mosh, na kunna tmux, wata ƴar manhaja da ke riƙe maka aikinka a can ko da komai ya tsinke, na girka Browsh. Girkawar ba ta ci datata ba, don can ake saukewa. Na buga adireshin makarantar. Shafin da ya ƙi buɗewa kusan awa ɗaya ya fito cikin ƴan daƙiƙu. Ƙanwata ta leƙo ta ce, "Yaya, wannan ai ya lalace." Na ce mata bai lalace ba, kwalliyar ce kawai aka wanke masa. Karanto mini lambar shaida.

Suna, ranar haihuwa, jiha, ƙaramar hukuma, darussa da sakamako. Sau uku sabis na ɗaukewa gaba ɗaya, sau ukun Mosh na ƙirga daƙiƙunsa yana jira, ya dawo mu ci gaba. Ba mu sake shiga daga farko ko sau ɗaya ba. Lambar sirrin da suke turowa ta tes ta shigo lafiya, don tes ba ruwansa da E.

Sai wajen ɗora hoto. A nan mutane ke rikicewa, ku saurara da kyau. Burauzar a Jamus take, don haka in ka danna ɗora fayil, cikin kwamfutar Jamus za ta duba, ba cikin taka ba. Dole ka fara kai fayil ɗin can. Hoton takardar sakamako da muka ɗauka da waya ya kusa megabayit 4. Na fara matse shi a laftof ɗina ya dawo ƙasa da kilobayit 200, hoton fasfo kuma ƙasa da 50 kamar yadda suka nema. Sannan na tura da rsync, na haɗa masa da umarnin --partial, wanda ke sa in ya tsinke a rabi ya ɗora daga rabin, ba ya koma farko ba. Ya tsinke kuwa, sau biyu. Ya isa.

Inda Browsh ya gaza mini wuri biyu ne. Tagar zaɓen fayil ta ƙi fito mini yadda zan iya amfani da ita, sannan a shafin ƙarshe suka kawo abin nan na tabbatar da cewa kai mutum ne, karkatattun haruffa a cikin hoto. A dabbare-dabbaren kala ba ka ganin komai sai kamar an zubar da fura. Dole na koma wa VNC, amma da dabara. Na kunna ƙaramar fuska a can, 800 da 600, ba hoton bango, na buɗe Firefox a ciki na sake shiga fom ɗin, Allah Ya sa shafin yana ajiye abin da aka riga aka cika. Na ratso da VNC ɗin ta cikin ramin SSH a ƙofa ta 5901, don Mosh ba ya ɗaukar irin wannan kayan, kuma barin VNC a buɗe ga duniya ganganci ne. A TigerVNC akwai inda za ka rage kala zuwa 256, ko 64, ko 8 kacal. Na zaɓi 64. Fuskar ta riƙa saukowa layi-layi kamar ana saƙa tabarma. Ban ja shafi ba, ban motsa maus ba sai da dalili. Na zaɓi fayil biyu, na karanta karkatattun haruffan, na danna turawa, na rufe. Duka bai fi minti goma ba, amma rabin datar da na ƙona a daren nan ta tafi.

Sha ɗaya da minti ashirin takardar shaida ta fito. Na sauke ta a can, na jawo ta da rsync. Yarinya ta ruga ɗakin Inna da gudu, har ta yi tuntuɓe da bokitin tarar ruwa.

Yanzu ga gaskiyar da masu tallar irin waɗannan abubuwa ba sa faɗa. Da farko, kuɗi. Uwar garke ƙarama tana kamawa daga kamar dala 5 a wata, kuma Firefox mai ci ne, in ƙwaƙwalwar ba ta kai gigabayit 2 ba za ka sha wahala. Da dala ake biya, kun kuma san yadda katin naira ya yi ta wasa da mutane wajen biyan kuɗin waje a shekarun nan. Ga wanda zai cika fom ɗaya a shekara, wannan ba riba. Ga wanda aikinsa kullum a intanet yake, lissafin daban ne, balle tun da NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 na kuɗin kira da data a Janairun 2025. Mutum huɗu ko biyar za su iya haɗa kuɗi su kama guda, kowa da ɗakinsa. Sai dai ku sani, wanda ke riƙe da babban makulli zai iya ganin kayan kowa. Kada ka shiga asusun bankinka ta kwamfutar da ba kai ke da ita ba, ko ta ɗan ɗakinku ce. Kuma ka rufe shiga da kalmar sirri, ka koma makullin SSH, don minti kaɗan bayan ka kunna sabuwar uwar garke za ka ga baƙi daga ko'ina suna gwada ƙofa.

Na biyu, wasu shafukan in suka ga ka fito daga Jamus sai su ɗauke ka ɗan damfara, su ƙara maka tambayoyi ko su rufe ƙofa. Na uku, bidiyo da TikTok, manta kawai. Na huɗu, dabarar tana son sabis ko yaya yake, ba ta aiki da babu. Waɗanda suka ga Satumbar 2021, lokacin da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar nan saboda tsaro, har da maƙwabtanmu Dutsin-Ma, sun san bambancin sabis mara ƙarfi da babu sabis. Sannan ranar 14 ga Maris 2024, da wayoyin ƙarƙashin teku suka tsinke a gaɓar Afirka ta Yamma, wanda kayansa ke Turai ya ji a jikinsa.

Mai waya kaɗai ma zai iya, ba sai da laftof ba. A Android akwai Termux, akasari daga F-Droid ake ɗauko shi. Ka buɗe ka rubuta pkg install openssh mosh, shi ke nan ka samu ƙofa. A can kuma sai an buɗe wa Mosh ƙofofin UDP daga 60000 zuwa 61000, in ba haka ba zai tsaya yana kallonka. Ka tabbata Mosh ɗin ya kai 1.4, wanda ya fito a 2022, shi ne ke kawo cikakkiyar kala. Ka kwantar da wayar a gicciye, ka rage girman rubutu, in da hali ka sami ɗan kibod na Bluetooth. Shawarata kuma, kada ka bari sai daren da kake da buƙata. Ni na yi sa'a ne uwar garken tana nan kuma hannuna ya saba. A ce a daren zan fara koyo, da akuyar Baba ta tafi a banza.

Washegari da safe muka tafi Kankia fitar da takardar. Na zauna ina ba abokina mai kafe labari, ina jin kaina. Ya saurara har na gama, ya ce, "Malam, duk na ji. Amma ni kwastoma in ya ga baƙin allo cewa zai yi na lalata masa fom. Kuma ni nan bakin titi sabis bai cika damuna ba, wuta ce matsalata, kuɗin man janareta ke cinye ni." Ban yi masa musu ba, ya fi ni sanin shagonsa. Na dai ce masa ranar da sabis ɗin ya yi masa tsiya ana saura awa biyu a rufe fom, da mutum ashirin a kan benci, ya kira ni.

Injin ya turo takardar, ya ɗauka yana dubawa. Sai ya ɗago ya kalli ƙanwata ya ce, "Ke yaushe kuka koma Kurfi?"

Na karɓa na duba. Ƙaramar hukuma: Kurfi.

Kun san jerin ƙananan hukumomi 34 na Katsina yadda yake zuwa a fom: Kankara, Kankia, Katsina, Kurfi, Kusada. A irin wannan jerin Mosh ba ya iya yi maka hasashen komai, sai amsa ta dawo daga can kake ganin inda ka tsaya. Na yi ta danna kibiyar ƙasa ina ƙirgawa da ka, na tsaya saura ɗaya, na wuce gaba ban jira allon ya nuna mini ba. Kuma lokacin da na buɗe VNC ina da damar in duba shafin gaba ɗaya da idona kafin in tura, tsoron data ya hana ni.

Gyaran ya ci mu zuwa makarantar har sau biyu, da takardar shaidar ƙaramar hukuma, da kuɗin mota da ya fi datar da na yi wa rowa sau ban san adadi ba. An gyara, ta rubuta jarabawar, yanzu haka tana aji ɗaya. Amma har yau in na kira gida ta ɗauka, sai ta ce, "Yaya, mutanen Kurfi suna gaishe ka."

Ƴan Kankia ku ma ku kula, Kankara ce a samanku.

Mako mai zuwa in Allah Ya kai mu zan bi matakan kama uwar garke ɗaya bayan ɗaya, daga yin makulli har zuwa kunna Mosh. Kafin nan, na Ingawa, Charanchi, Matazu da Musawa, duk mai Termux ya buga ping zuwa kowane shafi da safe da kuma bayan isha'i, ya turo mana lambobin da ya gani da sunan garinsu, ina so in kwatanta da na Kusada. Sai mun haɗu, a gaida gida.